Nant-y-Gigfran

Kakata Tegwen ta cika da suna ɗaya a bakinta,
ba na miji ba, ba na ɗa ba,
sunan gidan da aka yanke cibiyar uwarta.
Sau uku ta faɗe shi, kamar mai kiran tunkiya cikin hazo.
Ni kuwa ban rubuta ba.

Shekara bakwai yana min kai-kawo a kunne
kafin na hau jirgin ƙasa zuwa Aberystwyth,
na zauna a ɗakin da ko tari sai an nemi gafara,
aka buɗe min kundin ƙidaya.

Wayyo, akawun da ya fara bin kwarin nan!
Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.
Abin da kunnensa ya tsinta shi alƙalami ya zubar:
Nantygifron.
Bayan shekara goma wani ya zo, ya ce Nant Givran.
Na uku ya gaji, ya yi masa rigar Turanci,
ta ƙi shiga wuya.
Na huɗu ne ya bar min mutanena:
Meurig Prydderch, arba'in da huɗu, makiyayi;
Gwenllian, matarsa; yara biyar;
Nest, wata huɗu da haihuwa;
sai wani mai gyaran agogo da dare ya riska a hanya,
aka ƙirga shi tare da su har abada.
Na biyar bai ɓata tawada ba.
Ya ja layi. Babu kowa.

Taswirar ushira ta ba ni ɗigo da lamba,
ɗari huɗu da goma sha biyu,
ƙanƙane kamar kashin ƙuda.
Taswirar bana ta shafe wurin da kore,
ta ce daji ne, ta yi shiru.

To, sai na daina bin haruffa, na bi ƙafar akawu.
Mutum ne, da takalmi ya yi aikinsa:
daga injin niƙa ya haura,
ya sha madara wataƙila a Blaen-y-cwm,
ya rubuta gidanmu,
sannan ya gangara majami'a kafin ruwa ya sauko.
Tsakanin niƙa da addu'a ke nan muke.

Ranar Talata, ana yayyafi,
na tarar da Iorwerth Bebb jingine da ƙyauren gona,
shi da karyarsa mai ido ɗaya fari.
Na karanta masa sunayen takarda ɗaya bayan ɗaya.
Ya girgiza kai. Ya sake girgizawa.
Na ninke takardar,
na faɗe shi yadda kakata ta faɗa,
da nauyin numfashinta na ƙarshe a kan gaɓar tsakiya.

Tsoho ya cire hula.
Ya ce, Ƙoramar Hankaka.
Rabona da jin wannan tun mahaifina na da rai.

Muka kutsa cikin itatuwan katako
da aka jera kamar sojoji a kan gonar hatsin Meurig.
Duhu da rana tsaka. Ba tsuntsu ko ɗaya.
Karya ce ta fara tsayawa.

Kufai ne, bai kai tsayin gwiwata ba.
Gansakuka ta lulluɓe murhu,
amma dutsen bakin ƙofa na nan,
tsakiyarsa ta lotsa saboda sawun mutanen
da takarda ta kasa kiran gidansu.
Na sa ƙafata a lotsen. Ta zauna daidai.
Can ƙasa ƙoramar tana ta surutunta,
ita ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ake rubuta ta.

Na fito da fensir, hannuna na rawa.
Iorwerth ya leƙo ta kafaɗata,
ruwa na ɗiga daga gemunsa kan taswira.
Ya ce, a hankali, yarinya.
G biyu ne.